Ruwan Kacalar Bayan Gidanmu

Babanmu, Malam Habibullah, mutumin kirki ne, amma bakinsa bai iya cewa "ban sani ba". Ya yi aikin gwamnati shekara talatin kafin ya yi ritaya, ya kuma yi karatun littattafai a zaure, don haka komai aka kawo yana da amsa. In ka yi masa gyara sai ya ɗaga gira ya ce, "Kai ne za ka koya mini?" Duk layinmu a Gyadi-Gyadi an san shi da haka. Ni Safiyyah, babbar 'yarsa, ko idonsa ba na iya kallo. Shi ya sa nake rubuta wannan a ƙarshen littafin makarantata, inda ba zai duba ba.

Bayan gidanmu akwai ɗan fili tsakaninmu da maƙwabciyarmu, Malama Naomi, wadda take koya mana kimiyya a makaranta. Nan ruwan wanka da wanki da wanke-wanken gidajen biyu yake taruwa, ya yi baƙi, ya yi wari, ga sauro. Ita ta kawo shawara aka haƙa rami mai faɗi, aka shimfiɗa leda mai kauri, aka cika da tsakuwa da yashi, aka dasa ciyawar kacala da jema a kai. Ruwan datti yana shiga ta bututu a gefe ɗaya, ya ratsa ta ƙarƙashin tsakuwa a hankali, saiwoyin ciyawar su tsotse dattin, ya fita ta ɗaya gefen zuwa cikin wani ɗan tanki.

Ranar da aka dasa, Baba dariya ya yi. "Madam, yanzu ciyawa ce za ta wanke ruwa? To, Allah ya ba mu tsawon rai mu gani."

Bayan wata huɗu kacala ta fi ni tsayi. Wari ya tafi. Ruwan tanki ya fito garau. Sai Baba ya koma shi ne mai abin. In ya yi baƙi, ya ja su bayan gida, ya ɗebo a kofin gilas ya ɗaga a rana. "Kun ga tsarin da muka yi?"

Wata rana Malama Naomi ta tarar da shi yana haka. Ta bari baƙin suka tafi, sannan ta ce, "Malam, don Allah, wannan ruwan na ban shuka ne da wanke tsakar gida. Ba a sha, ba a girki. Wandunan kashin yara ma a nan ruwansu yake bi. Akwai ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani."

"Na ji, Madam likita," in ji Baba.

Ta juyo gare ni. "Safiyyah, kin ji ko? Ke ce shaida."

Na gyaɗa kai.

Bazara ta shigo da zafinta. Famfo ya ɗauke sati uku, 'yan garuwa kuma kafin su iso lungunmu jarkokinsu sun ƙare. A wannan lokacin Umma ta tafi Daurawa jinyar ƙanwarta da ta haihu, ta bar mini Hanan, autarmu, 'yar shekara uku. Malama Naomi ita ma ta tafi garinsu hutun Ista.

Da safe na fito na ga Baba yana juye bokiti a randarmu. Na san inda ya ɗebo, don ga ganyen kacala a gindin bokitin.

Na ce, "Baba, ko in tafasa?" Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

Ya ajiye bokitin. "Zo nan. Launinsa ya canza?"

"A'a."

"Warinsa fa? Ɗanɗanonsa?"

"A'a, Baba."

"To ruwa ne mai tsarki. Littafi ya faɗi haka tun ba a haifi kakar Madam ɗinku ba. Kar ki ƙona mini gas a banza." Ya ɗeba a moɗa ya shanye a gabana.

Wayar gida tana hannuna. Na nemo lambar Umma har sau biyu, ina tuna fuskar Baba in ya ji na kai ƙararsa, sai in ajiye. Abin da na iya yi kawai, in ya tafi masallaci in ruga shagon bakin titi in sayo ruwan leda, in sha, in ba Hanan. Amma Hanan ta iya buɗe randa da kanta. Sau nawa ina juyowa in ga ta kafa kai a moɗa, ruwa yana bin haɓarta, tana yi mini dariya.

Ran na huɗu Baba ya fara zarya banɗaki. Ya ce mangwaro ne. Da hantsi Hanan ta fara amai da gudawa, babu tsayawa.

"Ita ma mangwaron ne," in ji Baba. "Kawo gishiri da sukari."

Na kawo. Ina tsaye ya buɗe randar nan, ya ɗebo, ya dama, ya riƙe kanta a cinyarsa yana ba ta cokali-cokali, yana cewa, "Sha, uwata, sha ki warke." Wallahi yana sonta. Ni kuma ina kallo, bakina ya ƙi buɗewa.

Kafin la'asar idanunta sun faɗa, ko kuka ba ta iya yi. Nan ya saɓa ta a kafaɗa, muka tare adaidaita sahu sai asibiti. Likitar, wata mace, tana neman jijiya a hannun Hanan ta ce, "Wane ruwa take sha a gida?"

Baba ya kawar da kai.

Na ce, "Na bayan gida ne, wanda ciyawa take tacewa. Ba a tafasa ba." Ranar na fara ɗaga murya a gabansa ba tare da ya tambaye ni ba.

Likitar ta ɗago ta dube shi, ta ci gaba da aikinta. An sa wa Hanan ƙarin ruwa leda bayan leda. Umma ta iso ko mayafinta ba ta yafa daidai ba. Washegari bayan azahar Hanan ta rasu.

Umma ba ta yi ihu ba. Bayan an kai Hanan makwancinta, ta kira ni ɗaki ta ce, "Kin sani?"

"Na sani."

"Waya tana hannunki?"

Ta fita ta kife randar. Har yau a kife take.

A wurin zaman makoki na ji limamin unguwarmu ta taga yana ce wa Baba a hankali, "Malam, wancan hukuncin na alwala ne. Abin da za a zuba a cikin yaro kuwa, masu iliminsa ake tambaya."

Da Malama Naomi ta dawo, ta shigo tana kuka kamar 'yarta ce. Ta ce gobe za ta sa a sare kacalar a cike ramin, da ma ba ta kawo shawarar ba.

Baba yana zaune a tabarma, ya rame, bai ɗago ba. "Bar shi, Madam. Ciyawa ta yi abin da kika ce za ta yi. Ni ne ban sani ba."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Da ya faɗe ta sati biyu kafin nan, da yanzu Hanan tana tsakar gida tana ɓata mini littattafai. Da kansa ya sayo jan fenti ya rubuta a jikin tankin: BA NA SHA BA NE.

Darasi: Duk wanda ya karanta wannan, ya sani ruwa zai iya yin garau alhali cuta tana ciki. Ruwan da ciyawa ta tace na shuka ne da wanke ƙasa, ba na randa ba. In wanda ya san abu ya gargaɗe ka, ka ji, ko mace ce, ko ka girme ta, ko ba addininku ɗaya ba. Ilimin da kake da shi a wani fanni bai sa ka san komai ba. Ke kuma mai tsoro irina, in kin ga za a cutu, ki yi magana ko da muryarki tana rawa. Faɗan Baba da na guda, da yini ɗaya zai yi ya wuce.