Furen Baffa da Ya Zubar da Ganye

Akwai wani mai gyaran waya a unguwar Akwa ta birnin Duwala, sunansa Halilu, mazaunin unguwar New Bell. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ɗan ciwo guda: ya yi imani duk abin da ya lalace a duniya, bai zo hannunsa ba ne.

Matarsa Rahinatu 'yar Ngaundere ce. Cikin kayan da ta zo da su gidan aure har da wata tukunyar ƙasa mai fure, irin wanda 'yan boko ke kira orkide. Ba na kanti ba ne. Mahaifinta ne, wanda take kira Baffa, ya tono shi a daji wata damina yana kiwo, ya dasa mata tun tana ƙarama. Baffa ya rasu, an raba shanu, ita furen ya rage mata. Dogayen ganye gare shi, a ƙarƙashin ƙasa kuma saiwarsa dunƙulalliya ce kamar ɗan dankali.

Da cikinta na fari ya tsufa, sai ta shirya tafiya gida haihuwa kamar yadda aka saba. Ranar tafiya ta tsaya a gaban tukunyar.

"Malam, ga furen Baffa nan. Amana ce, don Allah."

Halilu ya yi dariya. "Ni da nake tayar da wayar da ta kwana a kwata, ciyawa ce za ta gagare ni? Ki je ki sauka lafiya."

Ruwan sama ya ja baya, daidai yadda yake iya ja a Duwala. Sai ganyen ya fara rawaya. Halilu ya ce ƙishirwa ce, ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Rawayar ta ƙaru, shi ma ya ƙara ruwa. Ya kai shi rana, ya dawo da shi inuwa, ya zuba masa ragowar shayi. Furen ya karɓi duk wannan hidima cikin ladabi, ya zubar da ganyensa kaf.

Duk wayar da suka yi, Rahinatu sai ta tambaya, "Ya furen Baffa?"

Shi kuma ya ce, "Yana nan."

Tukunyar kam tana nan.

Ya kai kukansa wurin abokinsa Idirisu, ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa.

"Mon frère, ɗan'uwana, kai ma dai," in ji Idirisu. "Hau baya mu je kasuwar fure, mu zaɓo wani mai kyau. Fure ai fure ne."

"Ta san shi kamar yunwar cikinta."

"Mai jego? Kallon jariri ma ya ishe ta. Wannan ka jefa wa motar shara, ka huta."

Washegari da motar shara ta yi hon a bakin layi, Halilu ya fito rungume da tukunya. A ƙofar masallaci ya ci karo da Kawu Ɓoɓɓo, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rako shanu daga arewa.

"Ina za ka da tukunyar amarya?"

Halilu ya faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa.

Dattijon ya leƙa cikin tukunyar, ya ga ƙasa zalla. Ya ce, "A wurinmu, in aka ba ka kiwon saniya ta mutu a hannunka, ba ka barinta ga ungulu. Feɗe ta kake yi, ka shanya fatar, ka kai wa mai ita ya ga shaidar garkensa da idonsa. Ya yafe ko kada ya yafe, wannan nasa ne. Amma ba kai ne mai zubarwa ba."

"Kawu, kana ganin zai farfaɗo?"

"Ni shanu na sani. Ciyawa in ta bushe, gaba muke yi."

Motar shara ta wuce. Halilu ya koma ciki ya ɗora tukunyar a saman kabad, inda mutanen New Bell ke ɗora duk abin da ba sa so ambaliya ta taɓa. Bai ƙara ba ta ruwa ba, tunda ba a shayar da gawa.

Rahinatu ta haifi mace, aka sa mata Fauziya. Aka yi arba'in, uwarta ta ƙara riƙe ta kaɗan, sai da ruwan fari ya sauka sannan ta dawo.

Da 'yan barka suka watse, Halilu ya taka kujera ya sauko da tukunyar, ya ajiye a gabanta. Bai taɓa jin nauyin abu kamar na ranar ba.

"Rahina, ga amanarki. Ya mutu a hannuna tun kina can. Na kasa faɗa miki."

Ya jira kuka. Ita kuwa ta miƙa masa jaririyar, ta ce, "Riƙe. Ina faranti?"

Ta kife tukunyar a hankali, ta sa yatsa tana warware ƙasar. Dunƙule biyu suka fito. Na farko ta taɓa shi ya lotse, wari ya tashi. Ta ɗauki na biyu ta juya shi a tafinta. Da ƙarfinsa, kuma a kansa ga wani ɗan tsiro kore kamar ƙwayar shinkafa.

Ta sauke numfashi mai tsawo. "Alhamdulillahi."

"Me ke nan?"

"Wancan ruwa ne ya kashe shi. Wannan kuwa barci yake yi. Haka yake duk shekara, Baban Fauziya. In rani ya zo sai ya zubar da ganye ya kwanta, ba ya son ko ɗigo. In damina ta kama sai ya tashi."

Halilu ya zauna a ƙasa.

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ɗauka kowa ya sani. Kai me ya sa ba ka tambaye ni ba? Kullum fa sai mun yi waya, kai da kake gyara ta."



Ta wanke tukunyar, ta zuba sabuwar ƙasa da yashi, ta binne dunƙulen ba can ƙasa ba, tsiron yana kallon sama. Halilu ya matso, da sauran ƙarfin hali.

"Yanzu yaushe zan fara ba shi ruwa?"

Ba ta ɗago kai ba. "Kai dai riƙe 'yarka."

Darasi: Ba duk abin da ya zubar da ganye ne ya mutu ba, wani hutu yake yi, kuma yawan hidima ba da sani ba kan kashe abin da ake so. In abu ya shige maka duhu, ka tambaya tun da wuri. In kuma amana ta lalace a hannunka, ka kai wa mai ita yadda take, kada ka yanke mata hukunci a bayansa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san bai taɓa cewa "ban sani ba".