Bushiya da Lissafin Ruwan Marmaro

Ku gyara zama, manya da yara. Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

A wani daji aka yi fari, rafuka suka ƙafe. Sai marmaro guda da ke zuba cikin tafki, shi ma kullum raguwa yake, ga damina da sauran kwana arba'in. Zaki ya tara dabbobi ya ce, "Ruwan nan zai kai mu, ko mu yi ƙaura?"

Gizo ya yi farat ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zai kai ba. Ku tashi, ni na zauna gadi." Ashe so yake tafkin ya zama nasa.

Sai Bushiya ta miƙe tsaye. Uwarta ta tsufa, ko bakin rami ba ta iya fitowa, balle doguwar tafiya. Ta roƙi a ba ta kwana uku ta gano ko ruwan zai kai, aka ba ta.

Sai ta tafi wurin Malam Kunkuru, masanin lissafin da ake tara abu mai canzawa kaɗan-kaɗan har a san jimlarsa. Ya daɗe yana auna marmaron, amma idonsa ya yi rauni. Ya faɗa mata lissafin, ta rubuta a ƙasa, ga shi dogo, da wani jibgegen abu cikin baka biyu.

Ran farko ta yi ta fama har la'asar, lissafi ya cukurkuɗe, sai ta fashe da kuka.

Kunkuru ya ce, "Share hawayenki, 'yata. Wannan mai dogon suna da ke cikin baka, yi masa laƙabi. Ce masa u."

Rana ta biyu ta sa u, lissafi ya miƙe. Ta yi tsalle ta ce, "Malam, ruwan zai ishe mu shekara goma!"

Ya ce, "Marmaron da ke mutuwa? Kin bar ɗan rakiya a baya. U ba ya tafiya sai da abokinsa da ake kira du, mai faɗin saurin canzawarsa. Nemo shi, yana nan cikin lissafin."

Ta ce, "Malam, anya kaina zai ɗauka?"

Ya ce, "Ni sai da na yi damina uku ina wannan kuskuren."

Rana ta uku ta sa u, ta sa du, amsa ta fito, amma duk da sunan u. Sai ga Gizo ya leƙo, ya tuntsire da dariya ya ce, "Wane ne kuma u? Shi Zaki zai sha?"

Bushiya ta dunƙule don kunya. Kunkuru ya ce, "Buɗe, 'yata. Yau maƙaryaci ya faɗi gaskiya. Laƙabi na hanya ne. In an iso gida, sai a mayar wa mai suna sunansa."

Sai ta mayar da dogon sunan, ta sa kwana arba'in, ta sheƙa fada. Ta ce, "Ranka ya daɗe, zai kai, in kowa ya sha sau ɗaya a yini, Giwa kuma ta haƙura da wanka."

Giwa ta yi gunaguni, amma aka zauna. Damina ta yi jinkirin kwana biyu, tafki ya koma taɓo. Bushiya ta riƙa matse taɓon a ganye tana ɗiga wa uwarta a baki. Ana nan sai hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Tsohuwar ta miƙo hanci waje ta ce, "Ashe zan sake jin ƙanshin ƙasa."

To kun ji. Abin da ya fi ƙarfinka, rage masa suna ka bi shi a hankali, kuma kuskure uku bai kori ɗalibi daga gaban malami ba.

Ƙurunƙus kan ƙadangare, ta koma inda ta fito.