Manomin da Ya Sayar da Irinsa Ya Sayi Mota

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne, yana da gona mai kyau da shanun huɗa guda biyu. Wata shekara Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka, rumbunsa ya cika har baki. Da kaka ta wuce sai ya shiga birni domin ya sayo sabuwar garma.

A kan hanyarsa ta zuwa kasuwa ya bi ta gaban wani fili inda ake sayar da motoci. Nan idonsa ya faɗa kan wata jar mota, sabuwa fil, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Mai motocin ya fito da fara'a, ya kawo masa kujera da ruwan sanyi, ya ce, "Ranka ya daɗe, shiga ka zauna ka ji yadda take. Ai ba a biyan kuɗin zama."

Mutumin ya shiga, ya kama sitiyari. Ya tuna yadda yake isa coci ran Lahadi a kan tsohon kekensa, yana gumi. Daga wannan rana bai ƙara tunanin garma ba.

Ya sayar da shanunsa, ya ce wa matarsa ya kai su kiwo wurin wani abokinsa. Kuɗin bai isa ba. Ya sayar da rabin gonarsa a ɓoye, duk da haka da saura. A gidan kuwa shi kaɗai yake hawa rumbu, don haka ya riƙa kwasar hatsi kaɗan-kaɗan yana kaiwa kasuwa, har ya taɓa irin da ya ware domin shuka. Ya ce a ransa, "Damina da nisa tukuna." Ya kawo motar gida, mutanen ƙauye suka kewaye ta suna shafawa, shi kuma ya ji daɗi ƙwarai.

Ana nan sai aka yi ruwan shuka. Da safe matarsa ta ce, "Baban Tabita, ƙasa ta jiƙa. Sauko mana da iri, kowa ya fita gona."

Mutumin ya kau da kai. Ta sake faɗa, bai motsa ba. Sai ta jawo tsani da kanta, ta hau, ta buɗe rumbun, ta leƙa. Ta daɗe a can sama. Da ta sauko ta ce, "Ina geron? Ina dawar? Baban Tabita, ina shanunmu?"

Ya kasa dubanta. Ya ɗaga hannu kawai ya nuna motar. Matar ta zauna a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

Nan take ya ɗauki motar ya koma birni, yana cewa a ransa, "Zan mayar masa da abarsa, ya ba ni kuɗina." Ya tarar da mai motocin a inda ya bar shi. Wannan karon ba a kawo masa kujera ba.

Ya ce, "Maigida, na kawo maka motarka. Duba, ko ƙwarzane babu."

Mai motocin ya ce, "Motarka dai, Malam. Ran da tayarta ta taka titi ta zama tsohuwa. Mu a nan sayarwa muke yi, ba ma karɓa. In ka matsu, zan taya."

Abin da ya taya ko rabin kuɗin bai kai ba. Mutumin ya ƙi sayarwa, ya koma cikin motarsa. Daga nan ya ruga kasuwar shanu, ko zai roƙi wanda ya sayi nasa ya ara masa su na damina ɗaya. Aka ce masa, "Waɗannan? Ai mahauci ya yanka su tun kafin bikin Ista."

Ya kama hanyar gida, bai san abin da zai faɗa ba. Da ya kusa gonarsa sai ya hango mutane a ciki suna aiki. Ashe matarsa ta je ta faɗa wa wani dattijo maƙwabcinsu kome da kome, shi kuma ya bi 'yan'uwa na ikilisiya gida-gida, kowa ya ɗebo daga irinsa. Mutumin ya fito daga mota ya durƙusa, yana kuka.

Dattijon ya ce, "Da ka yi magana da wuri, ɗana. Tashi ka kama sungumi, rana tana yi."

Suka shuka rabin da ya rage. A shekarar gidan bai kwana da yunwa ba, amma tuwon bai yi yawa ba, rabin gonar da ya sayar kuma bai dawo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar nan ita ce duk abin da ido ya gani zuciya ta nace, har mutum ya fara ɓoye wa na gidansa. Irin kuwa shi ne abin da Allah ya ba ka domin gobe: bangaskiyarka, gaskiyarka, amanar iyalinka. Mai motocin shi ne Shaiɗan. Yana da kujera da ruwan sanyi ga mai shigowa, amma ba ya karɓar abin da ya sayar. Ubangiji kuwa yana karɓar mai tuba, yana kuma aiko masa da taimako ta hannun 'yan'uwa, ko da yake akwai hasarar da za ta zauna.

Saboda haka, 'yan'uwa, manya da yara, in akwai abin da kuke kwasa daga rumbu a ɓoye, ku faɗa yau, tun ruwan shuka bai sauka ba.