Magajin Ɗakin Farfesa Zailani

Kai mai jar hula, ajiye wayar nan. Labari zan ba ku, kuma ba na maimaita magana. In na gama ku za ku yanke hukunci, ni nawa faɗa ne kawai.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kula da laburaren sashen likitanci a wata jami'a. A can na san Farfesa Zailani, masanin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Shi ya kafa ɗakin gwaje-gwajen jijiyoyi na jami'ar, tun yana ɗaki ɗaya da kejin ɓeraye biyu har ya zama gini guda. In ba ku sani ba, abu biyu ake dubawa a wurin masu bincike: maƙala nawa mutum ya buga a mujallu, sannan sau nawa wasu masana suka kawo sunan aikinsa a cikin nasu rubutun. Wannan na biyun shi ake kira ambato. A kansa ake ƙarin girma, a kansa ake gaba ta shekara da shekaru. Farfesa kuwa ya ɗauki ambato tamkar addini. Yana da allo a ofishinsa, duk sabuwar shekara ya ɗauki alli ya jera sunayen ɗalibansa da lambobinsu. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ranar da zai yi ritaya, wanda ke saman allon nan shi zai gaji ɗakin. Kujera ɗaya jami'a ta ware, wanda bai same ta ba sai ya nemi wani wuri.

Cikin ɗalibansa uku ne suka isa a yi maganarsu.

Ta farko Dakta Tasalla. Wannan baiwar Allah ta tafi wani ƙauyen masunta, Tungar Maitaru, inda ake wani ciwo da suke kira tangaɗi. Mutum yana zaune lafiya sai idonsa ya fara rawa, tafiya ta koma irin ta mashayi, hankali ya gushe, wasu su mutu. Mutanen gari sun ce aljanun ruwa ne. Tasalla ta zauna cikinsu shekara tara, tana bin gida gida tana leƙa tukwane, zazzaɓi ya kayar da ita sau ba adadi. Daga ƙarshe ta gano abin. Akwai wani ƙaramin kifi da suke shanyawa a rana, su daka shi da barkono su yi yaji, su riƙa barbaɗawa a farar shinkafa ba tare da ya ga wuta ba. Kifin nan yana cinye wani bitamin da jijiyoyi ba sa rayuwa sai da shi. Ta gwada a kan ɓeraye, ta tabbatar. Ta gano yawan allurar bitamin ɗin da ke tashin majiyyaci, ta kuma gano cewa in aka fara yi masa ƙarin ruwa mai sukari kafin allurar, an ƙara tura shi kabari ne. Duk wannan ta rubuta shi a maƙala ɗaya tak. Sai dai mace ce mai taurin kai, ba ta zuwa taro, ba ta son a gyara mata rubutu. Ta kai aikin wata 'yar mujalla ta cikin gida da ko a intanet babu ita. Kwafi biyu aka kawo mini, na jera a kan kantar littattafai. Shekara shida suna nan, ambato huɗu ta samu, ɗaya ma ita ta ambaci kanta. A shekarun nan, wasu masunta a wasu kogunan suna ta mutuwa da ciwon da maganinsa ke kan kantata.

Na biyu Dakta Mainasara. Shi kam alƙalaminsa ba ya bushewa. Maƙala ɗari da arba'in ya buga kafin furfura ta fito masa. Ana yi masa tsiya cewa ko atishawa ya yi sai ya aika mujalla, amma gaskiya yana aiki, kuma sunansa ne ya jawo wa ɗakin nan manyan na'urori daga ƙetare. Wata rana ya zo laburare neman wani abu daban, hannunsa ya faɗa kan mujallar Tasalla. Ya tsaya a tsaye ya karanta har ƙarshe, ya ce mini, "Malam Tanko, wannan ai zunubi ne a bar shi nan." Ya tafi ya rubuta babban sharhi a kan cututtukan jijiyoyi da abinci ke kawowa, ya sa binciken Tasalla a tsakiya, ya buga a mujallar da duk duniya ke karantawa. Bai sace mata komai ba, ina shaida. Sunanta yana cikin jerin manazarta, lamba ta tamanin da bakwai. Amma masana suna da wata ɗabi'a ta lalaci: wanda suka karanta shi suke ambata, ba sa bin asali. Sharhin Mainasara ya samu ambato dubu uku da ɗoriya, har aka fara kiran abin da sunansa a tarurruka. Bai taɓa cewa nasa ba ne, bai kuma taɓa tashi ya ce ba nasa ba ne. Tungar Maitaru kuwa ko hanyarta bai sani ba. Kuma da mujallar ta ce ya rage tsawon sharhin, sai ya yanke yawan allurar da gargaɗin ƙarin ruwa, yana ganin ƙananan bayanai ne.

Na uku Dakta Gambo. Shi ko a allon babu sunansa, don bai taɓa buga ko layi ɗaya ba. Yana asibitin koyarwa yana duba marasa lafiya daga safe zuwa yamma, abin da ya rage na lokacinsa kuma yana wurina yana karatu. Ban taɓa ganin mai karatu irinsa ba. Shi kaɗai na sani da ke karanta maƙala har jerin manazartanta. Na sha ce masa, "Gambo, ka rubuta abin da kake gani mana." Sai ya yi dariya ya ce marubuta sun yi yawa, makaranta ne suka yi ƙaranci. To amma duk abin da ya koya a bakin gadon majiyyata cikin shekara ashirin yana cikin kansa, duk ranar da ya mutu da shi za a binne shi.

Ana saura wata biyu Farfesa ya yi ritaya, sai ya faɗi. Matarsa ta rasu shekarar da ta gabata, ya koma zaman kaɗaici, ba ya cin komai sai farar shinkafa da wani yajin kifi da ƙanwarsa ke aiko masa daga bakin kogi. Ku ji abin takaici. Maƙalar Tasalla da hannunsa ya sa mata hannu, amma bai karanta ba. Ya duba sunan mujallar, ya taɓe baki, ya rubuta mata "maƙala ɗaya" a allo.

Aka kai shi asibiti ido na rawa, ba ya gane kowa. Manyan likitoci suka taru, suka ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, suka ɗaura masa ruwa mai sukari tunda ya kwana biyu bai ci ba. Kafin azahar ya daina magana. Gambo ya shigo, ya ɗaga fatar idonsa, ya tambayi direban Farfesa me maigidansa ke ci. Da ya ji, sai sharhin Mainasara ya faɗo masa, don a nan ya fara jin labarin ciwon. Ya buɗe a wayarsa, ga alamomi nan duka, amma babu yawan allura. Ya gangara ƙasa zuwa lamba ta tamanin da bakwai. Sai ga shi a laburare da gudu, babban mutum, takalmi ƙafa ɗaya ya tsinke. Ya ce, "Malam Tanko, mujallar Tasalla!" Na miƙa masa, ya karanta shafi biyu, na ga fuskarsa ta canza. Ya koma, ya zare ruwan nan da hannunsa a gaban shugaban sashe. Shugaban ya ce, "Gambo, in mutumin nan ya mutu, lasisinka ya tafi." Ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Ya yi allurar daidai yadda Tasalla ta rubuta. Washegari da hantsi Farfesa ya buɗe ido ya nemi ruwan alwala.

Ya warke, sai dai tafiya ta zama da sanda. Da ya samu ƙarfi aka ba shi labari tiryan-tiryan. Ya aika aka kawo masa maƙalar, ya karanta ta a karon farko, shekara goma sha ɗaya bayan ya sa mata hannu. Jami'a kuma ta aiko masa da takarda: ya rubuta suna ɗaya kafin Litinin, in ba haka ba a rufe ɗakin a raba na'urorin ga wasu sassa.

Ya kira su ukun, ni ma ya ce in zauna. Tasalla ta ce, "Malam, shekara tara na ba aikin nan. Ba don ni ba, babu abin da za a rubuta, babu abin da za a karanta." Mainasara ya ce, "Haka ne. Amma shekara shida yana kan kanta bai ceci kowa ba. Kuma ƙa'idar da ka kafa mana ita na bi, ban bi wata ba." Gambo kuwa ya ce, "Ni dai na san takarda ba ta riƙe sirinji."

Da suka fita Farfesa ya riƙe biro ya fi rabin sa'a. Ya ce mini, "Tanko, in na bi allona, na bar wadda ta gano maganin a ƙasa, wanda ya yi mini allurar kuma ko sunansa babu. In na saɓa allon, na yaudari yaron da ya yi shekara ashirin yana gudu a kan hanyar da ni na nuna masa. Kuma da a ce babu ɗaya daga cikinsu, da yanzu an yi sadakar bakwai ɗina." Na ga hawaye a idonsa, abin da ban gani ba ko ranar jana'izar matarsa. Ya ce in ba shi shawara. Na ce ni mai jera littattafai ne, ba a tambayata irin wannan.

Abin da ya rubuta ranar Litinin na sani, amma ba zan faɗa muku ba, don na san halinku, kuna ji za ku ce daman haka kuka yi tunani. Ga wadda ta gano ta kasa yaɗawa, ga wanda ya yaɗa bai gano ba, ga wanda bai gano ba bai yaɗa ba amma shi ya tashi majiyyacin. Kujera ɗaya ce, biyu za su tattara kayansu su bar wurin.

To, a ce biron nan a hannunku yake, sunan wa za ku rubuta?