Tumbin Barmo da Goyon Ƙwai

Dalilin da ya sa gizo-gizon teku ba shi da ciki sai ƙafafu, kuma a gidansu namiji ne yake goyo, shi zan gaya muku yau in kun bar ni na buɗe baki. Ku ci gaba da ɓarar gyaɗar nan, ba da hannu ake sauraro ba. Ke Ladiyo, ina kallonki, wadda take shiga bakinki ta fi wadda take shiga ƙwarya.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuyar waina a zangon Hausawa na bakin teku, don haka abin nan na gan shi da idona. In ruwa ya janye, ka ɗaga dutse ko ka buɗa ciyawar ruwa, sai ka ga kamar an zubar da tsinken tsintsiya guda takwas. Ka ƙura ido, sai ka ga tsinkayen suna tafiya. Ka nemi jikin, babu, ɗan ƙulli ne kawai a tsakiya. To, da can ba haka yake ba.

A wancan zamani akwai wani gizo-gizo mutumin arewa, sunansa Barmo. Ya biyo ayarin fatake da matarsa Tasalla suka sauka a bakin teku, wai fataucin goro ya zo yi. Goro dai ba wanda ya taɓa ganin ya saya. Abin da aka san shi da shi tumbi ne. Ba irin na Baffanku ba, wannan ai wasan yara ne. Na Barmo shi yake fara shiga zaure, sai an jima mai shi ya iso. Ƙafafunsa kuwa guntaye, kamar an dasa wa tulu ƙafa takwas. Ba a suna, ba a ɗaurin aure a zangon nan ba ka ga Barmo a gaban akushi ba. Gayyata ba ta dame shi ba, ƙamshi ya ishe shi.

Tasalla ce mai riƙe da gida. Kaɗi take yi, ta kai zare kasuwa. Shekara huɗu suna neman haihuwa shiru, har ta gaji da kuka ta bari. A ta biyar Allah ya ba ta ƙwai, ƙulli biyu, farare ƙal. Tun daga ranar ba ta sauke su daga bayanta ba.

Ranar kasuwa ta zo, ga zare ya taru, ga hanya da cunkoso, tana tsoron a matse mata su. Sai ta kwance zanen goyo ta nufi mijinta.

"Maigida, juyo. Ka goya su har in dawo. Kada ka ajiye su a ƙasa, rairayin nan da zafi, ga tururuwa."

Barmo ya zabura. "Goyo? Ni? Haba Tasalla, kin taɓa ganin namiji da gemunsa ɗauke da goyo?"

"Gemun ban gan shi ba," in ji ta, "amma baya ga shi nan, fili guda ba a komai da shi. Juyo mana!"

Ya juya yana gunaguni. Ta ɗaure masa su tam, ta shafa su, ta ɗauki kwandonta ta tafi.

Ko kwana ba ta sha ba sai ga ƙamshi. Barmo ya ɗaga hanci. Sai ga Jatan Lande, wani ɗan tsurut mai dogon gashin baki wanda ba abin da ya fi so irin ya sami abin yi wa mutum dariya.

"Barmo, kana nan? Iya Ƙaguwa ta yi jika, yau suna. An ce dambun kifi har ba wurin zubawa."

Barmo ya manna bayansa da bango don kada a ga goyo. "Je ka, ina tafe."

Yana wucewa Barmo ya shiga tunani. Ya ƙi zuwa suna? Ai ba a taɓa ba. Ya tafi da goyo a baya? Gara ƙasa ta tsage. Ya ajiye su? Tasalla za ta ci shi ɗanye. Can sai dabara ta zo masa. Ya kwance zanen, ya mayar da ƙwan ƙarƙashin ƙirjinsa, ya ɗaure yadda ya iya, ya zura babbar riga a kai. Da tumbi irin nasa, wa zai lura an ƙara ƙulli biyu?

Gidan Iya Ƙaguwa wani kogon dutse ne can cikin inda teku yake janyewa ya bari a bushe. Barmo ya shiga, ya yi barka a gurguje, ya zauna gaban akushi. Ya ci dambu, ya ci tuwo, ya kora da farfesu, ya dawo kan dambu.

Da rana ta ɗaga, sai mutane suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Iya Ƙaguwa, tsohuwa mai hannu kamar awartaki, ta matso kusa da shi a karkace, yadda take tafiyarta.

"Baƙo, ka hanzarta. Kafin azahar ruwa zai dawo."

Barmo ya yi dariya har tumbi yana rawa. "Wane ruwa, Iya? Yanzu fa tsakiyar rani muke. A garinmu kogi ba ya kawowa sai damina ta yi nisa. Leƙa ki gani, ko gajimare ɗaya babu."

"Wannan ba kogin garinku ba ne, ɗan nan. Kullum sau biyu yake zuwa, sau biyu yake komawa."

"Kullum sau biyu? Kamar tuwo?" Ya ce a ransa, tsohuwar nan rowa ce ta motsa mata, so take in tashi a rufe akushi. Sai ya ƙara jawo shi gabansa.

Ai kuwa, bai cinye rabi ba ya ji sanyi a ƙafa. Ya ɗauka farfesu ne ya zube. Kafin ya duba, ruwa ya kai masa ƙugu. Kafin ya ce wayyo, igiyar ruwa ta toshe ƙofar kogon, babbar riga ta taso sama ta buɗe kamar laima, goyo ya fito fili.

Jatan Lande, da ya tsaya suɗe tukunya, ya ƙyalƙyale. "La'ila! Jama'a ku zo ku gani, Barmo da goyo! Har da zanen mata!"

Amma dariyar ba ta daɗe ba. A bakin ƙofa wasu inuwoyi suka fara gilmawa. Kifaye ne, masu biyo ruwa in ya dawo, kuma ba abin da suke so a duniya irin ƙwai. Sun ji ƙamshinsa, suna jira ruwan ya ƙara zurfi su shigo.

Iya Ƙaguwa ta nuna wata tsaga a bayan kogon. "Waccan tana fita wani kwarmi mai ciyawa, kifi ba ya shiga. Amma ko hannuna da ƙyar yake wucewa."

Barmo ya ruga ya cusa kai. Kai ya shiga, goyo ya shiga, tumbi ya ce shi kam bai san zancen ba. Ya tura, ya yi nishi, ya dawo baya yana haki.

Jatan Lande ya raɗa masa, wannan karon ba wasa. "Barmo, hanya ɗaya ce. Kwance ƙwan ka sake su. Kifaye za su bi su, kai kuma ka sulale ta ƙofa. Ka ce wa matarka ruwa ne ya ƙwace, ni zan yi maka shaida."

Ba zan yi muku ƙarya ba, yara, Barmo ya yi tunanin abin. Har ya kai hannu kan ƙullin zanen. Yana taɓawa sai ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ɗan motsi kaɗan, kamar an taɓa shi da ɗan yatsa daga ciki. Ya tsaya cik. Ya tuna shekara huɗun nan, da yadda Tasalla take juya fuska ga bango in an yi guɗar haihuwa a maƙwabta. Tsoro bai bar shi ba, amma wani tausayi ya kama shi irin wanda bai taɓa ji wa kowa ba. Ya sauke hannunsa.

"A'a," in ji shi. "Iya, hannun nan naki yana matsa?"

"Yana fasa dodon koɗi ma."

"To matse tumbin nan."

"Sai dai ka amayar da abin da ke ciki."

"In amayar? Abincin suna? Haba Iya, ai alhaki ne!" Kun ga hali, ko a bakin mutuwa. "Tura shi cikin ƙafafu, yadda nake ɗura waina a aljihun wando."

Iya Ƙaguwa ta ce bisimilla, ta kama ta matsa. Barmo ya yi ƙara. Dambu ya gangara ƙafa ta fari, ƙafar ta miƙe ta yi tsawo. Ta sake matsawa, tuwo ya shige ta biyu. Farfesu ya raba kansa tsakanin ta uku da ta huɗu. Da abinci ya ƙare, sai hanji ya bi sahu, kowace ƙafa da rabonta. Tana matsa yana ihu, yana rungume da goyo da hannu biyu, yana cewa, "A hankali ta nan, Iya, akwai mutane!"

Ruwa ya kai rufin kogo. Kifi na farko ya kutso. Jatan Lande ya riga ya faɗa tsagar, ya juyo ya rasa inda zai kama, sai ya cafki bakin Barmo ya ja. Iya na turi, shi yana ja, bakin yana miƙewa kamar ƙaho, sai ji kake fit! Barmo ya faɗa cikin kwarmi. Kifin ya sari dutse.

Abin da ya fara yi shi ne laluba ƙirji. Ƙulli biyu suna nan, ko ɗaya bai fashe ba. Sannan ya lura yana cikin ruwa tsundum kuma bai nutse ba. Ashe garin matsa, har numfashin an tura masa cikin ƙafafu.

Can wajen la'asar sakaliya ruwa ya fara ja da baya. Sai ga Tasalla a kan duwatsu, ba kwando, ba ɗankwali, sai mazarin kaɗinta a hannu, murya ta dishe da kira. Ta leƙa kwarmin ta ga tsinkaye suna motsi.

"Bawan Allah, don Allah ko ka ga mijina? Wani mai tumbi, da goyo a baya."

"Ni ne, Tasalla."

"Kai ne wa?"

"Barmo."

Ta ɗaga mazarinta. "Ina cikin tashin hankali za ka yi mini shaƙiyanci? Mijina in ya zauna tabarma ba ta ganuwa. Kai ko inuwa ba ka da ita!"

Ya yi rantsuwa, ta ƙi. Ya faɗi sunan garinsu, ta ce kowa ya sani. Sai ya ɗaga ƙafafun gaba a hankali ya nuna mata ƙirji. Ta ga zanenta. Ta ga ƙwanta. Sannan ta ga ɗaurin, an tufke zane an yi masa ƙulli uku, irin wanda ake yi wa kayan jaki.

Mazari ya faɗi daga hannunta. "Duk duniya ba mai yi wa goyo wannan mugun ɗauri sai mijina." Ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna a bakin kwarmin tana yin duka biyun.

Da ta natsu, ya ba ta labarin yadda aka matse shi, ta ce ya fito su tafi gida. Ya ɗora ƙafa a kan dutse, ƙafar ta lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen zare. Ya sake gwadawa, ya kife. Ƙafafun nan ba sa ɗaukarsa sai ruwa ya tallafa. Tudu ya fi ƙarfinsa, ƙofar kifaye kuma ko sunanta ba ya so ya ji.

Tasalla ta dubi hanyar gida, ta dubi mijinta da ƙwanta. Ta juya wajen Iya Ƙaguwa, da ta fito daga kogonta. "Iya, in hannunki bai gaji ba, ni ma matse ni." Aka matse ta. Ita nata ƙwan da ba ta riga ta saka ba su ne suka gangara cinyoyinta. Kaɗi kuwa daga ranar ya ƙare, don zaren gizo-gizo a ciki yake, cikin kuma babu.

Da ta shigo ruwa, Barmo ya fara kwance zane. "To, karɓi kayanki."

"Wane kaya? Ni na goya su kwana tara ba abin da ya nemi cinye su. Kai ka goya su wuni ɗaya ka fid da su daga bakin kifi. Ai ka fi ni iyawa. Riƙe."

Ya buɗe dogon bakinsa zai yi musu, sai abin nan ya sake motsi a ƙirjinsa. Sai ya ce, "To, amma a ƙirji. Ba a baya ba."

Ƙwai suka ƙyanƙyashe, igiyar ruwa ta ɗebi 'ya'ya da jikoki ta rarraba su gaɓa gaɓa, duk inda akwai dutse da ciyawar ɓuya. Waɗanda suka gado haɗamar Barmo, ƙafa takwas ba ta ishe su zuba abinci ba, shi ne za ka ga mai goma, har da mai goma sha biyu.

Shi ya sa har yau, in ruwa ya janye ka ɗaga dutse a bakin teku, za ka tarar da su ba ciki sai ƙafa, da dogon bakin da Jatan Lande ya ja. In kana so ka san macen, dubi mai kaurin cinya. In kana neman namijin, juya shi a hankali, za ka ga ƙullin ƙwai a ƙirjinsa ya rungume da hannu biyu, yana ɓoyewa don kada a yi masa dariya. Ka ja shi, ya gwammace ya bar maka ƙafa guda da tuwon da ke cikinta. Goyon dai ba zai saki ba.