Maɓallan Kuriyakos

Ƙawata, ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni.

Akwai wani tela a unguwarmu ta Jidda, sunansa Kuriyakos, Kirista ne daga Indiya. Shekara goma sha tara yana ɗinka jallabiya a shagon Baba Siraj. A lokacin, da an kira salla kowane shago sai ya ja ƙofar ƙarfe. Waɗanda ba Musulmi ba su zauna a bakin titi suna danna waya, wasu su ɗan rintsa, har a idar.

Shi Kuriyakos a ciki yake zama, tare da tsohon.

Baba Siraj ya rikice da tsufa. Gida ba ya zaunuwa gare shi, kullum sai an kawo shi shago. Masallaci kuma an daina kai shi tun ranar da ya miƙe ana tsakiyar salla yana neman takalminsa. Idan ya tayar da salla shi kaɗai sai lissafi ya ɓace masa, ya tsaya yana kuka kamar yaro.

Kuriyakos ya daɗe yana jin liman ta lasifika, ya san azahar huɗu ce, magariba uku. Sai ya riƙa zuba wa tsohon ruwan alwala, ya juya kujerarsa gabas, ya jera maɓallan riga a kan teburin yanka. Duk raka'a ɗaya ya ɗauke maɓalli ɗaya.

"Saura nawa, ɗan nema?"

"Biyu, Baba. Kada ka yi min wayo, ina kallonka."

"Kai da ba ka salla, ka fi liman tsanani."

Shekara biyu suna haka, ba wanda ya sani.

Ran nan Ziyad, ɗan tsohon, wanda shagon ya koma hannunsa, ya manta wayarsa, ya dawo ta ƙofar baya ana cikin la'asar. Ya tsaya yana kallo har aka sallame.

"Yaushe ka zama limamin ubana?"

"Maigida, ƙirga masa kawai nake."

"Da maɓalli? Salla ce abin wasanka? In mutanen layi suka ji, da wane ido zan dube su?"

A makon nan Ziyad ya sa aka buga wa Kuriyakos takardar barin ƙasa, aka ba wani gurbinsa. Kwana ashirin ya rage masa. 'Yarsa tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya, bai san da bakin da zai gaya wa matarsa ba.

Aka kuma ce da an kira salla ya fita waje. Ya koma zama a bakin titi, bayansa jingine da ƙofar ƙarfe. Ta cikin ƙarfen yake jin tsohon yana kabbara, ya yi shiru, ya sake kabbara, sannan kukan ya biyo. Kuriyakos sai ya sunkuyar da kai, ya yi tasa addu'ar irin ta addininsa.

Tsohon ya daina cin abinci sosai. Ko gurasa da wake da yake so da safe sai ya ture.

Ana jibi tafiya, aka kira azahar, layi ya watse. Kuriyakos ya ga Ziyad bai bi mutane ba. Ya zo ya tsuguna kusa da shi a kan dakalin da rana ta gasa.

"Kwana uku ina zama da shi," in ji Ziyad. "Jiya ya dube ni ya ce, bawan Allah, kai wane ne? Ina yaron nan nawa?"

Ziyad ya ci gaba.

"Na je a soke takardar. Sun ce wanda aka ba gurbin ya riga ya karɓa." Ya dubi Kuriyakos. "Koya min."

"Me zan koya maka, maigida? Sallarku ce, ka fi ni saninta. Kada dai ka gaggauta shi. In ya ɓata, kada ka ce ya ɓata. Ka ce saura kaza, shi ke nan."

Suka shiga tare. Tsohon ya ɗaga kai, fuskarsa ta washe.

"Ina ka shige, ɗan nema? Tun ɗazu ake kira."

"Ga ni, Baba. Yau da ɗalibi na zo."

Ranar Alhamis jirgin Kuriyakos ya tashi. Bai kai wata biyu a gida ba Ziyad ya kira shi a waya, ya ce an yi jana'izar Baba da safe. Ya ce har ƙarshe tsohon bai gane shi ba, da sunan Kuriyakos yake kiransa, shi kuma yana amsawa.

Darasi: Kada kunyar mutane ta sa ki kori wanda Allah ya turo ya riƙe miki abin da kika sake. Alheri ba ya tambayar addinin hannun da ya ɗauko shi, kuma wata nadamar ba ta da gyara. Ki tura wa 'yan uwa su karanta. Amma in kin taɓa zama a layinmu har kin gane shagon, don Allah kada ki faɗa wa kowa. Abin da ke ran Ziyad ya ishe shi.