Dalilin da ya sa hoton bango yake tsayuwa da kai

Dalilin da ya sa in haske ya shigo ɗaki mai duhu ta 'yar kafa kake ganin mutane a bango ƙafafu sama, ku matso in gaya muku, amma ku rage murya.

Da can ba haka Haske yake ba. A miƙe yake shiga ko'ina, da hotunan waje a kansa kamar mai talla.

To akwai wata tsohuwa, Iya Tasalla, gulma ce abincinta. Mijinta ya rasu, ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Kwana uku ta rame, ba don mijin ba.

Sai ta huda bangon ɗakinta da tsinken tsire, ta kira Haske.

"Ɗan nan, ka riƙa kawo min abin da ake yi a layi, ka shimfiɗa min a bango. In aka sani na shiga uku, za a ce ban yi wa Malam baƙin ciki ba."

Haske ya ce, "Iya, kafar nan ta yi min kaɗan. Ki ƙara ta."

"In ƙara a gani? Ka matse dai, ai ba ƙashi gare ka ba."

Ta ma ƙara liƙe gefen da laka. Haske ya ɗauko hoton Shekarau mai gawayi a kan jakinsa, ya kutsa, ya yi tuntuɓe, ya faɗo da ka. Sai ga jaki a bango, ƙafafu huɗu sama, Shekarau yana reto a ƙasa.

Iya Tasalla ta kurma ihu: "Jama'a ku tare Shekarau, gawayinsa zai zube!"

Mata suka shigo a guje. Maƙwabciyarta Dije ta leƙa waje, ga Shekarau yana tafiyarsa lafiya. Ta dubi bango, ta dubi kafar.

"Iya, wannan takaba ce ko kallo?"

"Yaron nan ne ya shigo min ba sallama," in ji Iya, tana nuna Haske.

Haske ya ji haushi. "Ni da na fasa kai saboda ke? To daga yau duk ƙaramar kafa da ka zan shige ta, mai leƙen asiri ya sha ciwon wuya."

Shi ya sa har yau in kun rufe ɗaki da rana kun bar 'yar kafa, a kife za ku ga masu wucewa. Ni ban ce na gwada ba. In Inna ta tambaye ku wanda ya huda ƙyauren ɗakin hatsi, ku ce gara ce.